Ranar Da Na Kama Angon Rifkatu Da Shaiɗan

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na dire tiren zoɓo a tsakiyar falon Baba Ishaya, na gyara ɗaurin kallabina, na ce wa dattawa ina da magana. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi, ko da ina tsakiyar aiki ne. Amma bari in faro daga farko, don ku san irin wadda ke ba ku labari.

Ni da littattafan soyayya na tashi. Lokacin da zan baro Kano zuwa Paris karatun aikin jinya, rabin akwatina su ne. Innarmu ta ce in rage wasu in sa daddawa da kuka, na ce ai kuka ana samunta ko'ina. (Ba a samunta ko'ina. A watan farko na gane haka.) Abin da littattafan nan suka dasa mini a kai shi ne, soyayyar da ba ta da maƙiyi ba ta cika soyayya ba. Dole a samu wani mugu a gefe, ko wani sirri da zai fashe dab da ƙarshe, sai wata aminiya mai buɗaɗɗen ido ta ceto jaruma. Tun ina sakandare na yanke wa kaina hukunci: in ban zama jarumar ba, to ni ce aminiyar.

Jarumar da Allah ya haɗa ni da ita sunanta Rifkatu, 'yar Zariya, Kirista, gida ɗaya muke haya. Ita ke tada ni sahur da azumi, ni ke ɗora mata miya ranar Lahadi kafin ta dawo daga coci. Ina sonta har raina. Matsalata ɗaya da ita, saurayinta.

Bitrus dogo ne siriri mai gilashi, yana digiri na uku a Lyon. Ba shi da aibu, kuma abin da ya dame ni ke nan. Na taɓa tambayarta me yake karantawa, ta ce tarihin addini, ta fara bayani, na katse ta.

"Bar wannan. Me ya ce miki ranar da ya fara ganinki?"

"Ya tambaye ni ko akwai mutum a kujerar gefena."

"Sai me?"

"Sai na ce babu."

Kun ji fa. In suna waya na kan kasa kunne ko zan tsinci kalma ɗaya mai daɗi, sai in ji suna gardama kan injin wankin da ya fi ƙarko. Ban taɓa ganin Rifkatu ta jiƙa filo da hawaye ba. Tausayinta nake ji sosai.

Da maganar aure ta taso, komai ya koma hannun Baba Ishaya, yayan mahaifinta, wanda ya daɗe da zama a Stains, dattijon coci ne mai tsauri. Shi ne uba a gare ta a ƙasar nan, in ya ce a'a, ko a Zariya ba mai cewa i. Da ya ji an tura ni horo wani asibiti a Lyon, sai ya kira ni gefe.

"'Yata, kin san ba a ba da yarinya sai an yi bincike. Mun tambayi 'yan cocinsu, sun yabe shi. Amma 'yan coci ranar Lahadi kawai suke ganin mutum. Ki ɗan ji mini daga bakin maƙwabta."

Wani zai ɗauki wannan ƙaramin saƙo ne. Ni kuwa a jirgin ƙasa har ƙwalla na yi, ina kallon gonaki ta taga, ina jin nauyin rayuwar Rifkatu a wuyana. A cinyata kuma ga ƙullin dambun nama da yaji da ta ba ni in kai masa.

Ranar Asabar na hau bas zuwa Rillieux-la-Pape, unguwarsu. A bakin benen da yake zaune na tarar da wata tsohuwa zaune kan benci da keken cefanenta, ina jin ta amsa waya da Hausa na durƙusa na gaishe ta. Hajiya Zuwaira ce, mutuniyar Maraɗi, ƙofarta na kallon ta Bitrus. Bayan mun gama da gajiya da sanyi da mutanen gida, na kawo maganar.

"Bitrus? Ɗiyata, wannan yaro shina da kirki. In asansar, na'urar hawa benen nan, ta tsaya, shi ke hau mini da kaya har sama. Shi ke duba wa jikana aikin makaranta in ya taso lakwal."

A raina na ce, ai ba banza ba. Duk mugun da na sani a littafi da ɗaukar wa tsofaffi kaya yake farawa.

"Ba shi da wani hali, Hajiya? Ko ɗan ƙarami?"

Ta yi dariya har keken ya motsa. "Sai dai shaiɗanunsa. Kullum shina majami'un tsohon gari, shina ɗaukar hoton shaiɗanun da anka sassaƙa jikin bango. Yanzu ma can ya tafi. Karatu ne, in ji shi."

Maganarta ta ƙarshe na ji ta sarai. Na dai jefar da ita ne, don ba ta dace da labarin da na fara rubutawa a kaina ba.

Na koma cikin gari, na sa baƙin gilashi (ranar ko rana babu, hadari ne), na laɓe bayan wani shagon masu sayar da katin hotuna. Can na hango shi tsugune a ƙofar wata tsohuwar majami'a, fuskarsa dab da wani abu da aka sassaƙa da dutse, mai ƙaho da ƙafar akuya. Yana magana ƙasa-ƙasa, yana murmushi, irin murmushin da ban taɓa ganin ya yi wa Rifkatu ba. Daga baya na san a wayarsa yake naɗar bayani. A lokacin kuwa a'uzu na yi ta ja. Kuma tunda na ɗau alkawarin faɗin gaskiya, daɗi na ji. A raina ina cewa yauwa, labari ya fara.

Na fito na yi kamar yanzu na iso. Ya yi murna da ganina, ya fi murna da dambun, ya ce sai na je gida na ci taliya. Yana kicin na leƙa ɗakin karatunsa. Bangon nan daga sama har ƙasa hotuna ne: maciji mai fuskar mutum naɗe da bishiya, wani baƙi mai fukafukan jemage, wani mai ƙaho yana jan mutane da sarƙa. Ƙarƙashin kowanne an manna 'yar takarda da wani rubutu mai kusurwa-kusurwa da ban taɓa gani ba. Na zaro wayata na ɗauki hotuna.

"Kin ga mutanena?" ya ɗaga murya daga kicin. "Bari in sauke tukunya in ba ki labarinsu."

Mutanensa. Na ce kaina na ciwo, na suri jakata, na bar taliyar nan tana tururi.

Da na dawo Paris ban faɗa wa Rifkatu ba. A littafi ba a faɗa wa jaruma, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Rungume ta kawai na yi na daɗe, har ta tambaye ni ko abincin asibiti ne ya ɓata mini ciki. Baba Ishaya ya kira ya ce yaya Lyon, na ce, "Baba, in mun haɗu zan yi bayani." Ya ce to madalla. Da a wayar nan na faɗa masa, da ya kira yaron, magana ta mutu tsakanin mutum uku. Amma ni taro nake so. Har leshina mai ruwan zuma na kai guga, na tsaya gaban madubin banɗaki ina gwada inda zan dakata da inda muryata za ta yi rawa.

Ranar neman auren, Kawu Yohanna, ƙanen mahaifiyar Bitrus, ya zo daga La Courneuve da wasu dattawa biyu. Kun san al'ada, ango ba ya zama inda ake roƙa masa mata, don haka Bitrus ya kawo su ya tsaya ƙasa cikin mota. Mu mata muna kicin. Aka ce a kai zoɓo, na ce ni zan kai.

Na dire tiren, na ƙi fita.

"Baba, ka aike ni, na je, na gani. Yaron nan da kuke shirin ba wa 'yarku, maƙwabta sun yabe shi, gaskiya ne. Amma kirkin nan nasa ba a banza yake yin sa ba. Ga abin da ke bayansa." Na miƙa wayata da hannu biyu.

A lissafina, nan za a yi salati, wani ya miƙe, a ƙarshe a rungume ni. Ba haka aka yi ba. Baba Ishaya yana tura hotunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa na ƙara duhu. Kawu Yohanna ya leƙa, ya ɗauki hularsa daga gwiwa ya sa a hankali.

"Malam Ishaya, in ba za a ba mu ba, a ce mana ba za a ba mu ba. Ba sai an ɗora wa ɗanmu tsafi gaban jama'a ba." Ya miƙe tsaye, sauran biyun suka bi shi.

A nan ne na fara farga. Waɗannan ba mutanen takarda ba ne. Tsoho ne ransa ya ɓaci da gaske, kuma ƙofa yake nufa.

Rifkatu ta fito da ludayi a hannu, ta karɓi wayar, ta duba, ta dube ni.

"Wannan ai babi na biyu ne."

"Babi na me?"

"Na kundin digirinsa. Ni na sayo masa fil ɗin da ya kafe hotunan da shi. A kan asalin Shaiɗan yake rubutu, yadda Yahudawa da Kirista suka fahimce shi tun da can. Sau nawa na fara faɗa miki kina cewa in bari?"

Na zaci an gama, kunya ce kawai ta rage mini. Ashe wutar da na kunna ta riga ta kama inda ban nufa ba. Baba Ishaya ya ɗaga hannu.

"Karatu ko ba karatu ba, wane mai bi ne zai kwana da wannan a bangonsa? Yohanna, zauna don Allah. A kira yaron. In bai gamsar da ni ba, babu aure."

Rifkatu ba ta yi kuka ba. Kallona kawai ta yi. Na shekara ina jiran in ga damuwar soyayya a fuskarta, ranar na gani, kuma ba ta yi kama da ta littafi ba ko kaɗan.

Bitrus ya hawo yana haki, ya tsuguna ya gaida kowa. Baba ya karɓi wayar daga hannun Rifkatu ya miƙa masa. Ya duba, ya ɗago ya same ni a jikin bango.

"Ashe ciwon kan ke nan," ya ce.

"Bar ta," in ji Baba. "Me kake nema a wajen Shaiɗan? Asalinsa ai ko yaron da ke ajin Lahadi ya sani. Shi ne macijin da ya ruɗi iyayenmu a gona."

"Baba, ina neman afuwa. A buɗe wurin a duba ko an kira macijin da wannan suna."

Baba ya sa aka miƙo masa littafinsa mai tsarki mai baƙin bango, ya ɗora gilashi a karan hanci, ya bi layi da yatsa. Ya koma sama ya sake bi.

"Maciji kawai aka ce," ya faɗa, kamar wanda aka taɓa wa aljihu.

"Haka ne, Baba. Daga baya masu bi suka haɗa su, kuma can ƙarshen littafin an haɗa su a fili. Ban ce ƙarya ba ne. Sawu nake bi, in ga yadda fahimtar ta girma."

Daga nan ya saki jiki, ya manta cewa aurensa ake shari'a. Ya ce tauraron asuba da ake cewa ya faɗo daga sama, a inda aka fara rubuta shi habaici ne ga wani sarkin Babila mai girman kai, sai daga baya aka karanta shi a kan Shaiɗan. Ya ce ƙaho da kofato kuwa ba su cikin nassi, masu zane da sassaƙa ne suka ƙara, wasu masana ma na ganin daga gumakan tsofaffin Girkawa aka aro su. Baba ya matso bakin kujera. Kawu Yohanna ya zauna, amma hular na kansa.

"To in ba a gona ba, a ina ya fara fitowa?"

"A tsofaffin rubuce-rubucen Yahudawa, Baba, ba wani sarkin mugunta ba ne mai nasa mulki. Ya fi kama da ma'aikaci a fada, mai kai ƙara. Ka tuna labarin Ayuba. An yi taro, ya shigo, aka tambaye shi daga ina, ya ce daga zagayen duniya. Aka ambaci Ayuba, mutumin kirki, shi ba ya ma wurin, bai san ana maganarsa ba. Kuma bai ce Ayuba ya yi sata ko kisa ba. Abin da ya kawo kawai shi ne, wai kirkin nan nasa ba a banza yake yin sa ba."

Ku tuna, Bitrus yana mota lokacin da na yi jawabina. Bai ji ko kalma ɗaya ba.

Kai ɗaya ya juyo wajena, sannan na biyu, sannan duka. Har matan kicin da ke cunkushe a bakin ƙofa.

"Na faɗi ba daidai ba ne?" in ji Bitrus.

Baba Ishaya ya dube ni ta saman gilashi, ya fara lanƙwasa yatsu. "An je zagaye Lyon. An dawo an shigo taro. Mutumin ba ya wurin."

Kawu Yohanna ya cire hular ya rufe fuskarsa da ita, kafaɗunsa na girgiza. Wani dattijo zoɓo ya sarƙe shi, sai da aka bubbuga masa baya. Ni kuwa na ɗauki tiren da ba komai a kai na riƙe a ƙirji, ban san ko garkuwa na mai da shi ba. Na so in kare kaina a zuci, na ce mu a wajenmu ai labarin Iblis daban ne, girman kai ne ya hana shi sujada. Sai na dubi leshin da na kai guga musamman don a gan ni. Ko ta wane littafi aka bi, ban tsira ba.

Rifkatu ta raɗa wa Bitrus abin da na ce. Bawan Allah, maimakon ya ji haushi sai ya nemi ya cece ni.

"Amma Baba, ko a labarin ma sai da aka ba shi izini kafin ya taɓa kowa."

Baba ya ce, "Kai, kada ka ɗora ni kan kujerar da ta fi ƙarfina. Ni maƙwabta na ce ta tambaya."

Aka sake fashewa. Da dariya ta lafa Baba ya yi tambayar da ta fi ci masa rai: in daga ɗan kai ƙara ya fara, yaya aka yi ya zama babban maƙiyi? Bitrus ya ce masana ba su gama gardama a kai ba, amma Yahudawa sun sha bauta da mulkin baƙi tsara bayan tsara, suna tambayar daga ina wannan mugunta haka, kuma a rubuce-rubucen wannan zamanin ne siffarsa ta yi ta girma. "A ganina, Baba, mutum ba ya iya zama da wahalar da ba ta da fuska. Yana son labari mai mugu a ciki, wanda zai nuna da yatsa."

"Na san wata," in ji Rifkatu, ta koma kicin.

Tuwo ya huce, aka ɗumama, ya sake hucewa, Baba na ta jefo tambayoyi. Sai da matarsa ta leƙo ta ce, "Malam, auren aka zo nema ko wa'azi?" sannan ya rufe littafin. Ya ce ya ba su Rifkatu, da sharaɗi biyu: hotunan nan kada su shiga ɗakin kwana, kuma Bitrus ya riƙa zuwa suna ƙarasa gardamar. Ni kuma na durƙusa gaban Kawu Yohanna na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, amma in an tashi neman aurena shi zai je bincike da kansa.

Rifkatu ta yi kwanaki ba ta ce mini ko sannu ba, kuma na cancanta. Ran nan na dawo daga aiki na tarar ta baza takardun talla a kan tebur. Ba ta ɗago ba ta ce, "Zo ki zauna. Wanne ya fi, mai buɗewa ta sama ko ta gaba?" Injin wanki. Na zauna, muka zaɓa tare, kuma ban taɓa jin maganar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Ni ce babbar ƙawa a bikin. Hajiya Zuwaira ta zo, ta gane ni, ta ce, "Ɗiyata, ai na ce miki karatu ne." Yanzu suna zaune a Lyon da 'yarsu, hotunan na cikin kwali saman kabad, injin kuma har yau bai taɓa lalacewa ba. Littattafaina ban daina karantawa ba, kada ku yi zaton na shiryu gaba ɗaya. Sai dai na koyi cewa in na shiga labarin mutane na duba ko'ina ban ga mugu ba, gara in nemi wuri in zauna, don kujerarsa ce kaɗai ba kowa a kai.

Duk hutu nakan je musu. In na ƙwanƙwasa, Bitrus ne ke buɗewa, ya gyara gilashi, ya tambaye ni da fuskar nan tasa ta malamai, "Daga ina?"

Ni kuma in miƙa masa dambun nama in ce, "Daga zagayen duniya. Amma yau ban zo da rahoto ba."